Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Mahaifiyata ta haifi 'ya'ya shida, amma duk wanda ya tambaye ta, daga na biyu take fara lissafi. Na farkon, Yayanmu, tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce "Yayanku," ko "na wajen Hajiya," don kakarmu ce ta ɗauke shi ranar da aka yaye shi, ta riƙe shi a Damagaram har ya zama mutum. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma duk wanda Bahaushiya ta haifa ya san ta. Wannan kunyar ce wasu mutane da ke zaune a ofis mai sanyi suka duba suka kira ta ƙarya. Har yau in na tuna sai na ji zuciyata na tafasa.

A Akokan muka tashi, cikin gidajen ma'aikata. Baba yana shiga ramin yuraniyam, kar ɗin kamfani, wato bas ɗin ma'aikata, ya ɗauke shi da safe ya dawo da shi da yamma. Yaya sai lokacin hutun lakwal, wato makarantar boko, yake zuwa mana. Ranar da zai iso, Inna tun asuba take kan ƙafa, ta sa a yanka kaza, ta share ɗakin samari da kanta, amma da ya yi sallama sai ta juya baya ta kama tankaɗen garin da ta riga ta tankaɗe. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa wa rariya. In ta zuba abinci kuwa, cinya da ƙirji duk a kwanonsa suke, ta miƙo mini ta ce, "Kai wa wancan." Mu sauran mu yi ta fama da wuya da fukafukai. Ina yarinya na sha jin haushin wannan rabon, don ni ban ga alamar kunya a cikin kwanon ba.

Yaya ya yi karatu mai zurfi, ya fita waje, ya samu aiki da takardun zama a wata ƙasa mai nisa da sanyi. Ya yi aure can, ya haihu, Inna ba ta ga jikokin ba sai a waya. Baba ya rasu bai samu zuwa jana'iza ba. Da aka rufe ramin Akokan unguwarmu ta watse, maƙwabta suka ɗaure kaya, wasu Maraɗi, wasu Tawa, ƙannena ma kowa ya kama gabansa. Inna ta dawo Arlit kusa da ni, ita kaɗai a ɗaki, ga ciwon gwiwa, ga shekaru. Sai Yaya ya ce zai nema mata biza ta je ta zauna wurinsa.

Da na faɗa mata, sai ta taɓe baki ta ce, "Ni mi zan je yi can? Ya dai ga dama ne." Ba a yi sati ba na tarar da ita ta dawo daga kasuwa da rigar sanyi ta gwanjo mai kauri, cikin zafin Arlit da kan sa kare ya kasa haushi. Ta ce wai araha ta gani. Ta daka yaji, ta shanya kuka, ta ƙulle daddawa cikin leda uku don kada ta yi wari a jirgi. Ba ta taɓa cewa tana son ganinsa ba, amma ni na san tsoronta ɗaya ne, kada ta mutu kamar Baba ba ta sa shi a ido ba.

Lokacin da Yaya ya aiko cewa a cike takardun ɓangarenta da gaggawa, ina cikin jego, ko ƙofar gida ba na leƙawa. Na ce a bari in yi arba'in. Yaya ya ce wa'adi zai wuce. Sai Inna ta ɗauki fasfonta da hotuna, ta hau kabu-kabu, ita da ke cewa babur abin 'yan iska ne, ta tafi wurin mai siber, wato shagon intanet, na bakin tasha.

Mai siber ɗin nan kowa ya san shi a Arlit. Magidanci ne, mutumin Maraɗi, da can yana aikin ofis a kamfani, da aiki ya ƙare ya sayi kwamfutoci ya buɗe shago. Ya manna takarda a ƙofa cewa shi gwani ne wurin cike dosiye ta kowace ƙasa, wato takardun neman biza. Yana da tabarau da yake ɗorawa a kan hanci, da wata irin magana ta wanda ya gaji da jahilcin mutane. A wurinsa saurin yatsu shi ne ilimi. Ya zaunar da Inna, ya yi ta jefa mata tambayoyi yana bugawa, bai ko ɗaga kai ya dube ta ba. Da ya zo layin da aka ce a rubuta dukan 'ya'yan da mutum ya haifa, na raye da na mace, na gida da na waje, sai ya dunƙule duk wannan ya ce, "Hajiya, ɗiyanki su wa da wa?"

Inna ta faɗi biyar. Ya rubuta biyar. Ya juya mata takarda ya nuna inda za ta dangwala, ta dangwala, ya aika. Bai karanta mata ko layi ɗaya ba.

Aka yi wata da watanni muna jira. Kullum in rezo, wato sabis ɗin waya, ya dawo sai Inna ta zo ta zauna kusa da ni tana wasa da jaririna, ta ce, "Ba wani labari daga wajen mutanen can?" Daddawar ta bushe ta sake sayen wata. Rannan da hantsi Yaya ya kira. An ƙi. Ya karanta mini dalilin, na sa ya sake karantawa don ban yarda da kunnena ba. Wai ba a tabbatar da dangantaka tsakanin mai nema da mai gayyata ba, domin shi ya ce mahaifiyarsa ce, ita kuma ta lissafa 'ya'yanta ba ta sa shi ba. Wai bayanan sun saɓa, kuma ba da bayanin ƙarya na iya sa a rufe mata ƙofa gaba ɗaya.

Ƙarya! Matar da in ta ce maka gishiri ya ƙare, to ko ƙwaya ba za ka samu ba. Matar da ta yi naƙudar yaron nan tana 'yar yarinya, ta ba da shi tana kuka a bayan ɗaki don kada a gani. Ita ce maƙaryaciya, shi kuma ɗan da ta haifa ya zama baƙon da ke son shigo da wata tsohuwa ta ɓarauniyar hanya.

Na saɓa goyo na nufi shagon mai siber. Na tarar da shi yana cike wa wani takarda da irin saurin nan nasa. Ban jira layi ba.

Na ce, "Malam, wa ya gayyaci mahaifiyata?"

Ya duba ta saman tabarau ya ce, "Ɗanta mana."

"To ina sunansa cikin 'ya'yanta?"

Ya buɗe kwamfuta, ya gangara, ya hau, ya sake gangarawa. Sai ya ɗaga kafaɗa. "Abin da ta hwaɗi shi na rubuta. Ni ka haihuwam mata ɗiyan? In ta mance da ɗanta, laihina ne?"

"Ta manta? Kai da hannunka ka rubuta sunansa a shafin farko, ka rubuta ɗanta ne. Ka zo shafi na gaba babu shi, ko gezau ba ka yi ba. Kai ba Bahaushe ba ne? Babarka tana kiran sunan ɗanta na fari?"

Wani dattijo da ke jiran layi ya yi dariya ya ce ai shi mai siber ɗin ma ɗan fari ne, ya san gidansu. Mai siber ya haɗe rai ya ce nan wurin aiki ne, ba wurin al'ada ba, kwamfuta ba ta san kunya ba. Na ce na yarda kwamfuta ba ta sani ba, shi ya sa aka ajiye mutum a gabanta. Da kwamfutar ce kaɗai da na yafe mata. Ya ce in ina so ya sake cikewa zai yi mini ragi. Na ce Allah ya sawwaƙe, ko kyauta ne. Na fita, jaririn yana tsala kuka a bayana, mai kabu-kabun da ya kawo ni yana tambaya ko rasuwa aka yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tambaya ɗaya ce tak ta raba Inna da ɗanta. Da ya ce, "Hajiya, har da babban?" da ta sunkuyar da kai ta ce "Uhm," shi ke nan. Ko da ya karanta mata abin da ya rubuta kafin ta dangwala, da wani a shagon ya ankara. Amma mu a wurinmu duk wanda ya iya buga inji ya fi ƙarfin a tambaye shi, shi ma ya fi ƙarfin ya tambaya. Su kuma na can, da suka ga tsohuwa ta tsallake sunan wanda ya gayyace ta, ba su ce bari mu ji dalili ba. Maƙaryacin da ya san abin da yake yi ai sunan mai gayyatar zai fara rubutawa, da manyan baƙaƙe ma. Ko wannan ɗan tunanin ba su yi mana ba.

Sai kuma faɗa wa Inna. Na same ta tana tsintar shinkafa. Na yi mata bayani a hankali. Ta ci gaba da tsinta, hannunta na cikin tire. Can ta ce, "To su ba su san ni na haihe shi ba?"

"Inna, ta ina za su sani? Ke ce za ki faɗa."

"Shi bai gaya musu ba?"

"Ya gaya musu. Naki bakin suke so."

Ta ture tiren ta ce, "To a bari. Dama ni ban ce ina so ba." Da la'asar na leƙa ɗakinta na ga ta kwance ledar daddawa tana rarraba wa maƙwabta. A nan ne haushina ya juyo kanta ita ma, Allah ya yafe mini. Na ce mata ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kunyar da za ta hana ki ganin ɗanki har ki koma ga Allah, wa ta amfana? Ta ce ni ba zan gane ba, ni da nake ƙwala wa ɗana na fari kira a tsakar gida kamar mai kiran akuya, ko nauyin baki ba na ji. Na ce e, ina ƙwala masa, kuma duk ofishin duniya ya san ni na haife shi. Ta ce 'yar lakwal ce ni, ba laifina ba ne. Muka kwana biyu ba ma doguwar magana. A rana ta uku ta ba 'yata fasfon ta kawo mini, ba tare da wani saƙo ba.

Dosiye ta biyu ni na cike ta, a tsakar gidana, Inna na zaune a gabana. Kowace tambaya sai na karanta ta da Faransanci, na mayar da ita Hausa dukanta, ban rage mata kunne ko wutsiya ba, sannan in karanta mata amsar da na rubuta. Kowane suna na gwada shi da na fasfo da na takardar haihuwa baƙi bayan baƙi, don sunan Inna kansa iri biyu magatakarda suka rubuta shi, sai da na yi ta zarya gidan shari'a aka daidaita. Inda ban gane ba na bar shi har rezo ya dawo na tambayi Yaya, ban yi shaci-faɗi ba. Da muka zo layin 'ya'ya na rubuta sunansa a sama, na ce, "Inna, na sa Yaya na farko." Ta dubi bango ta ce, "Ke kika sani." Muka haɗa da takardar bayani, inda na zauna ina fassara wa baƙi abin da ake nufi da ɗan fari, ina zaɓen kalmomi masu laushi don kada su ɗauka muna raina musu hankali. Ina rubutawa ina jin takaici, wai uwa ce ke neman afuwa don ta ji kunyar ɗanta.

Amsa ta zo cewa tunda an taɓa samun saɓani, sai ta zo Yamai an yi mata tambayoyi baki da baki. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Arlit zuwa Agadas ya san abin da take yi wa mai lafiya, balle tsohuwa mai ciwon gwiwa. Mota ta yi ta jijjiga mu, Inna ta riƙe kujerar gaba da hannu biyu, ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Bayan mun wuce Tawa na matso kusa da ita na ce, "Inna, za su ce ki faɗi sunansa fa. Ki gwada yanzu, ni kaɗai ce zan ji." Ta ce in bar ta ta ji da ƙafarta.

Ofishin babban zaure ne, kujeru a jere cike da mutane, kowa rungume da takardu. An yarda in shiga a matsayin tafinta. Da aka kira mu muka tsaya gaban wata taga ta gilashi, a bayanta wata mata ce mai ƙananan shekaru, ba za ta girmi autarmu ba. Magana ta cikin wata 'yar na'ura ake yi, wadda ke fitar da murya har zaure ya ji. Ta tambayi sunan Inna, ta faɗa. Ta tambayi garin haihuwa, ta faɗa. Sai ta ce, "Wane ne ya gayyace ki?"

Na fassara. Inna ta ce, "Yayansu ne," ta nuna ni da haɓa.

Matar ta ce suna take so. Na buɗe baki zan faɗa, ta ɗaga mini hannu ta ce ni tafinta ce kawai, dole daga bakin mai nema zai fito. Na ce mata akwai bayani a cikin dosiye. Ta ce ta gani, amma ƙa'ida ce.

Na juya na ce, "Inna, sai kin faɗa. In ba ki faɗa ba mun koma Arlit ke nan."

Ta gyara mayafinta. Ta dubi ƙasa. Na ga leɓɓanta sun buɗe sun rufe. Sannan ta faɗe shi, can ƙasa-ƙasa, har ni da ke manne da ita da ƙyar na ji. Sunan da nake ji kullum a bakin kowa, amma a bakinta sai ya fito wani iri, ta ja ƙarshensa kaɗan, yadda ake kiran ƙaramin yaro.

Matar ta ƙwanƙwasa na'urar da biro ta ce ba ta ji ba, a ɗaga murya.

Inna ta sake faɗa. Matar ta ce a matso kusa da na'ura. Inna ta dafa katakon tagar, ta kai bakinta, ta faɗi sunan ɗanta da ƙarfi, zaure duka ya ji. Wata tsohuwa da ke kujerar gaba, da gani Bahaushiya ce, ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Matar gilashi ta ce, "Mene ne shi a wurinki?" Inna ta ce, "Ni na haihe shi. Shi ne na farin." Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. Matar ta yi 'yar alama a takarda, ta ce mun gama, ta kira lamba ta gaba. Da na samu dutse a lokacin ban san abin da zan yi wa gilashin nan ba.

A waje Inna ta zauna a gindin wata bishiya ta ce in sayo mata ruwa. Ta sha, ta wanke fuska, ta ce, "Sun sa na yi tallar yaron mutane a kasuwa." Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

An ba ta bizar. Ta tafi, tana can yanzu, jikoki na hawa kanta, tana ƙorafin sanyi da abincinsu marar yaji. Kwanaki bayan isarta Yaya ya kira ni daga cikin motarsa, don kada ta ji. Muka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Wai da gaske ta faɗa?"

Na ce ta faɗa, har sau uku.

Mutum ne mai furfura a gemu, yana da ma'aikata a ƙarƙashinsa, amma muryar da na ji a wayar ta yaro ce. Ya ce tun da ta zo yake kasa kunne, ko za ta yi suɓul da baka, amma har yanzu in tana son sa sai ta aiki ɗansa ta ce, "Kira babanku." Ya ce, "Yaya ta faɗe shi? Gwada mini."

Na gwada. Na ja ƙarshen yadda ta ja, amma ni kaina na ji ba haka ba ne. Na ce masa ban iya ba, muryata ba tata ba ce. Ya ce ba komai. Ya ce, "Ita matar ofishin, ta san abin da ta ji kuwa?"

Na ce ko kai ba ta ɗaga ba.